Yadda Na Kai Goge Tamanrasset

Tun da na dawo daga Aljeriya ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a fadarmu ta hira da ke unguwar Birni ba. Kowa ya zo sai ya jawo kujera kusa da ni ya ce, "Yahaya, yaya ƙasar Larabawa?" In na fara, kafin in kai Agadas wani ya iso, a ce in koma farko. Akwai wanda na kai shi bakin iyaka sau uku, har yau bai tsallaka ba. Shi ya sa na sayi littafi da bik na rubutu, na ce bari ɗan karatun manyan da na yi ya yi mini rana, in rubuta sau ɗaya, wanda ya iya ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni mutumin Damagaram ne, da damina manomi, da rani mai goge. Wajen kawuna na koya, kuma na haura shekara arba'in ina yi a gidajen biki da suna. Matata Hajara ta rasu. Babban ɗana Laminu ya daɗe a Tamanrasset, wadda mutanenmu na can ke ce wa Taman, yana da shagon atamfa da turare. Can ya yi aure, can aka haifa masa ɗiya, ni kuwa ban taɓa zuwa ba.

Wata rana da hantsi waya ta shigo da lambar da ban sani ba. Mace ce, Hausarta irin ta mutanen Agadas. Ta ce sunanta Fadimata, malama ce a jami'ar Taman, kuma ita ke kula da zauren wasanninsu. Kowace shekara suna tsara wasanni na wata da watanni, kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo, bana kuma tana so a buɗe da goge iri biyu, namu na Hausa da nasu na Buzaye wanda suke kira imzad. Ta gan ni ne a hoton wani biki da ƴar'uwarta ta tura mata. Tana so in zo in yi mako uku a yi gwaji, in koma gida, sa'annan in sake zuwa ranar buɗewa.

Na ce, "Malama, anya ba wani Yahayan kike nema ba?"

Ta yi dariya ta ce, "Mai farar hula da gibi a gefe. Kai ne ko?"

Ni ne. Na kira Laminu na faɗa masa. Abin da ya ce kawai shi ne, "To, Baba, Allah ya kawo ka lafiya." Ban kawo komai a raina ba.

Da takardu suka kammala na hau bas zuwa Agadas, goge a naɗe cikin zane a kan cinyata, jakar tsaraba a sama. Wanda muka zauna tare wani Bakatsine ne, Alhaji Sabo, mai fataucin takalma. Har muka wuce Tanut yana satar kallon ƙunshin nan, daga baya ya kasa haƙuri ya ce, "Malam, magani ne?" Na buɗe masa. Ya ce ai ya zaci wani abu ne da ba a son ya taɓa ƙasa. Daga nan muka saba. Mutum ne mai hira, sai dai Hausarmu takan yi karo. In na ce dowan ya ce kwastan, in na ce buro ya ce ofis, kuma kowa na ganin ɗan'uwansa ne ya ɓata harshe. A wani zango ya sayi cuku ya ce bai taɓa ci ba. Na ce ya jiƙa a shayi, bai ji ba, ya gatsa, ya yi rabin yini yana taɓa haƙori.

Mun kwana a tashar Agadas a kan tabarma, washegari muka kama hanyar Arlit. A Arlit aka sauke kaya gaba ɗaya a ƙasa, kowa ya ɗauki nasa, na ɗauki jakata mai ratsin ja da shuɗi. Daga nan babu kwalta, sai Toyota buɗaɗɗiya, mutane a baya a kan kaya kowa riƙe da sanda. Direbanmu wani Buzu ne, Agali. Ya dube ni, ya dubi abin da na rungume, ya buɗe mini gaba. Alhaji Sabo ya ce daga yau shi ma zai riƙa tafiya da ƙunshi.

Hanyar Asamaka ba abin da zan ce muku a kanta sai rairayi da jijjiga. Da azahar Agali ya tsaya, ya hura wuta, ya kwaɓa gari, ya ture garwashin gefe ya binne ƙullun a cikin rairayi mai zafi. Na ce a raina yau za mu ci ƙasa. Da ya tono ya kakkaɓe, ya ɗauraye da ɗan ruwa, ya gutsuttsura a kwano ya zuba man shanu da miya. Tagilla ke nan. Ban ji tsakuwa ko ɗaya ba, kuma na ƙara.

A Ingizam, bakin ƙasarsu, wani matashin ɗan dowan ya warware zanen gogena. Ya juya ƙwaryar, ya ƙwanƙwasa fatar guzan da ɗan yatsa, ya yi mini tambaya da Larabci. Alhaji Sabo, wanda tun Tanut yake ce mini ya iya Larabci, ya gaishe shi da kyau, daga nan nasa ya ƙare. Sai wani jandarma mai rawani ya matso, ashe yana jin Hausa.

Ya ce, "Yana tambaya ne, na matarka ne kake kai mata?"

Na ce, "Nawa ne."

Ya fassara, suka dubi juna suka yi murmushi. Jandarman ya ce in yi haƙuri, a nan mata kaɗai ke kaɗa irin wannan, ba su taɓa ganinsa a hannun namiji ba, ko zan ɗan taɓa su ji. Na tsuguna a inuwar buron na yi musu gajere. Da na tsaya ɗan dowan ɗin ya naɗe mini gogen da hannunsa, ya miƙo mini da hannu biyu ya ce, "Saha, shaihi." Na waiga in ga shaihin da ya iso, ba kowa sai Alhaji Sabo. Daga baya na gane haka suke kiran duk wanda ya tsufa a cikin kiɗa. Ni da a gida ko Malam ba a cika haɗa mini da suna ba.

Daga Ingizam kwalta ce har Taman. Mun shiga da la'asar, gari a tsakanin duwatsu, da wani sanyi mai shiga ƙashi ko rana na sama. Laminu na tsaye a tasha. Ya yi ƙiba, ya ajiye gemu, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Sai ya karɓi gogen daga hannuna, ya duba hagu da dama, ya zura shi cikin wani buhun shinkafa ya tura ƙarƙashin kujerar mota. Na gani, na shiga mota.

Matarsa Balkisa ƴar mutanen Maraɗi ce amma haihuwar Taman. Ta tarbe ni kamar ta daɗe da sanina, ta ɗora mini jikata a cinya, wadda suka sa wa sunan marigayiya. Na ce a kawo jaka in fitar da tsaraba, alkaki da kilishi na kawo. Balkisa ta zuge, sai warin daddawa ya cika ɗakin. Kuka ce, da daddawa, da kuɓewa busasshiya, da zannuwan mata guda biyu. Jakar wata baiwar Allah ce da ta sauka a Arlit. Balkisa ta sunsuna daddawar ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Baba, da ba haƙƙin mutane ba ne." Muka ɗaure muka ba masu mota su mayar. Abin da ya dame ni ba alkakin ba ne. A cikin tawa jakar akwai ƙarin tsagiya, wato gashin wutsiyar doki da ake ɗaura wa goge, da ƙaron da ake goga masa.

Abincinsu kuwa, burodi ne da safe, burodi da rana, burodi da daddare, dogo kamar sanda. Ba sa jefar da shi a shara, ko guntu ne sai a sa a leda a rataye a bango ko a ɗora a kan taga. Akwai wata miya mai ruwa-ruwa, shurba, da kuskus ranar Juma'a. Hutunsu ma Juma'a da Asabar ne, Lahadi kowa na aiki. Maza na shan gahawa a tsaye cikin kofin da bai kai na shayinmu ba, su kurɓa su wuce, ba zama ba hira. Abin da ya ba ni dariya shi ne gasasshen nama. Balarabe da Buzu duk mainama suke ce masa, naman ne mainama, ba mai sayarwar ba. Na ce wa Balkisa ashe a nan ana cin mutane.

Da safiyar farko, kafin ya fita shago, Laminu ya zauna a bakin tabarmata yana murza hula.

Ya ce, "Baba, wata alfarma nake nema. In za ka fita, mota za ta zo har ƙofa. Kada ka bi ta kasuwa da gogen."

Na ce, "Me ka ce musu ina yi?"

"Na ce kai manomi ne."

"Ai ba ka yi ƙarya ba."

Ya ce mutanen layinsu masu riƙo ne, musamman maƙwabcinsa Alhaji Mutari, wanda shi ya tsaya masa lokacin aure, kuma bai yarda da kiɗa ba ko kaɗan. Ya ce tun yana lekkol, wato makaranta, ake ce masa ɗan maroƙi, a nan ne ya samu wurin da ba wanda ya san wannan sunan. Yana magana yana kallon ƙasa. Na ce masa ba komai, zan kiyaye. Amma shayin ranar bai yi mini daɗi ba.

Zauren wasannin babba ne, kujeru hawa-hawa, da dandamali na katako. Malama Fadimata doguwa ce, ba ta kai arba'in ba, uwarta ƴar Agadas. Ta zaga da ni ko'ina. A wani ɗaki samari na gwajin rawar takobi, kowa da takobi da sanda, suna zagaya juna a hankali kamar masu auna gona. A wani ɗakin ƴan wasan kwaikwayo ne, suna shirya wasan wasu maƙwabta biyu masu lambu da ke rikici a kan ranar ban ruwa. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na gane wane ne mai gaskiya. Ta nuna mini allon da aka jera wasannin: bayan buɗewa akwai matan Silet da kiɗan turmi da suke kira tinde, akwai samari masu gita, akwai wasan da aka yi a kan direbobin manyan motoci da ke yada zango a In Amgel, akwai rana guda ta yara. Ɗalibai suka yi ta zuwa gaishe ni, shaihi, shaihi, har da masu rubuta abin da na faɗa a littafi. Wani ya ɗauke ni hoto.

Sai da muka zauna a buronta ta faɗa mini inda gizo ke saƙar. Mai imzad ɗin da take so mu yi tare wata tsohuwa ce, Inna Tekna, a ƙauyen Tahifet cikin duwatsu, kuma har yanzu ba ta amsa ba. Ta ce ba ta taɓa kaɗawa kusa da namiji mai riƙe da abin kiɗa ba, sai ta ga mutumin da idonta.

Malama ta ce, "In ta ƙi, sai dai kowa ya yi nasa daban. Amma ba abin da na yi shekara ina nema ba ke nan."

Aka sa ranar zuwa. Kafin nan na yi ta gwaji da ɗalibai, sanyi da bushewar garin kuma suka yi ta cin tsagiyata, yau sili biyu ya tsinke, gobe uku, har muryar gogen ta fara shaƙewa. An nema mini wutsiyar doki a gari, ba a samu ba. Raƙuma ne da su.

Ana saura kwana biyu mu je Tahifet, Laminu ya dawo gida tun kafin azahar, abin da bai saba ba. Ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Baba, an manna ka." Ashe takardun tallan wasannin sun fito, an bi gari ana liƙawa, ɗaya kuma a ƙofar gidan gahawa da ke kallon shagonsa. Ga ni da farar hula, ga goge a hannu, ga sunana da na garinmu da manyan baƙaƙe. Mutanen layin sun riga sun zo sun gaishe ni a gida a matsayin baban Laminu manomi. Ya ce tun safe ba wanda ya ce masa uffan, kowa sai ya dubi takardar ya dube shi.

Na ce, "Zauna." Ya zauna. "Ni baƙo ne a garin nan, kai ke zaune. In abin zai ɓata maka zama, gobe in je in ba Malama haƙuri in kama hanya. Ba da fushi nake faɗa ba. Goge na yi shi shekara arba'in ba jami'a, zan ƙarasa ba jami'a."

Ya tashi ya shiga ɗaki.

Ranar tafiya Tahifet sai ɗan Malama ya tashi da zazzaɓi, ta aiko direba shi kaɗai, shi kuwa ba ya jin Hausa. Ina tsaye a ƙofa ina tunanin yadda za mu yi, na ji Balkisa a ciki tana cewa, "Yanzu sai ka bar Baba ya shiga duwatsun nan ba mai ji masa magana? Kai da ka iya Buzanci?" Ban ji amsarsa ba. Can sai ga shi ya fito da rigar sanyi, ya shiga baya ya zauna.

Tahifet ƙauye ne a cikin kwari, lambuna a jere, ruwa na bin ƴan ƙananan magudanai, ga ɓaure ga rumman. Inna Tekna ƴar ƙaramar tsohuwa ce, hannuwanta sun rine da shuni. A kan kilishin shimfiɗa take zaune a inuwa, maza huɗu ko biyar na gidan a gefe, dukansu a naɗe da rawani har hanci. Wani abin da na lura, a nan namiji ne ke rufe fuska, tsohuwa kuwa tata a buɗe, kuma in ta yi magana ba mai katse ta. Aka yi shayi hawa uku, aka kawo ɓaure busasshe, ba a ce komai a kan abin da ya kawo mu ba sai da aka kwashe kofuna.

Ta miƙo hannu, na ba ta gogen. Ta shafa ƙwaryar, ta ja tsagiyar da farce ta girgiza kai, ta yi magana.

Laminu ya ce, "Ta ce wa ya bar shi da yunwa haka."

Na ba ta labarin jaka. Ta yi dariya har da tari, ta aika aka ɗauko wata ƴar jakar fata, ta zaro damin gashin doki baƙi, ta ƙirga da ido ta ba ni. Laminu ya ce ta ce daga nesa ake kawo mata, ba ta ba kowa, amma ba ta iya kallon wannan. Na ɗaura a gabanta, tana gyara mini da baki.

Sai ta ɗauko nata. Ƙwaryarsa ta fi tawa faɗi, an yi wa fatar zane. Da ta ɗora izga a kai, wato ɗan bakan da ake gogawa da shi, mazan nan duk suka sunkuyar da kai, mai zuba shayi ya ajiye buta. Ba tafi, ba kirari, ba mai tashi ya liƙa mata komai. Kiɗan a hankali yake tafiya, ta ja, ta tsaya, ta bar shirun ya yi nasa, ta sake ja. Ni da na saba da gidan biki inda sai ka yi da ƙarfi kafin a ji ka, na rasa inda zan sa idona.

Da ta gama ta nuna ni. Na yi mata wanda na fi gwaninta a kai, mai zafi, wanda ke tayar da mata rawa. Ta saurara har ƙarshe.

Laminu ya fassara. "Ta ce gogenka ya cika surutu."

Na ce, "Gaya mata gaskiya ta faɗa. Yunwa ce ta koya masa."

Ta ce wannan na mutane ne, ta ji. Tana son wanda nake yi in ba kowa, in ba wanda zai ba ni komai. Na daɗe ina tunani, don irin wannan ɗaya gare ni, kuma tun rasuwar Hajara ban taɓa shi ba. Wani ɗan kiɗa ne marar waƙa da nake yi mata da la'asar in tana tankaɗe. Shekarar da ƙyanda ta kwantar da Laminu yana ƙarami, shi kaɗai ke sa ya daina kuka. Na yi shi. Ina cikin yi na ji wata murya ta shigo ta ƙarƙashin tawa, ashe tsohuwar ce ta ɗauki nata tana bi na. Muka tafi tare har inda ya ƙare.

Ta yi magana, na jira fassara, shiru. Na waiga. Laminu ya juya mana baya yana kallon lambu. Ta sake faɗa, wannan karon da shi take. Ya amsa mata da Buzanci, gajere, murya ƙasa-ƙasa. Sai da ya share fuska da hannun riga ya ce, "Ta ce za ta zo. Amma sai ka koyi jira, in ta tsaya kai ma ka tsaya."

A mota na tambaye shi me ta ce masa shi. Ya ce ta tambaye shi ne ko ya san kiɗan. Na ce me ka ce. Ya ce, "Na ce mata nawa ne."

Sauran kwanakin a zaure muka yi su. Inna Tekna ta zo da ɗiyarta, ta ƙi kujera, aka shimfiɗa mana kilishi a kan dandamali. Koyon jira ya fi koyon goge wuya. Sau da yawa in ta tsaya sai hannuna ya wuce shi kaɗai, ta ɗago ido ta dube ni, ɗalibai su ƙunshe dariya. Amma a gwajin ƙarshe mun yi shi daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, Malama Fadimata na zaune a kujerar gaba ta haɗa tagumi, da muka gama ta ce haka za a buɗe, kada a ƙara kada a rage. Jakata ma ta iso a makon, matar Arlit ta mayar, sai dai ta rubuto cewa jikokinta sun taɓa alkakin kafin ta lura, in yafe. Na yafe.

Ana gobe zan taso Laminu ya ce in raka shi shago. Muka bi ta tsakiyar kasuwa a ƙasa. Bai buɗe nasa ba, sai ya wuce da ni wurin Alhaji Mutari, dattijo fari mai tabon sallah, yana zaune yana jan carbi. Bayan gaisuwa Laminu ya nuna takardar da ke ƙofar gidan gahawa ya ce, "Alhaji, na ce maka Baba manomi ne, kuma manomin ne. Amma wancan ma shi ne. Da shi ya ciyar da mu. Ni ne na ɓoye, ba shi ba."

Alhaji Mutari ya dubi takardar, ya dube ni, ya ce, "Tun ranar da aka manna na gane. Ina jira ne in ji daga bakinka." Sa'annan ya juyo gare ni. "Malam Yahaya, ba zan ɓoye maka ba, ni ba na sauraron kiɗa, kuma ba zan je ba. Amma yaron da ka haifa na zauna da shi shekaru, ban taɓa kama shi da ƙarya ba sai wannan, ita ma rabi ce. Yau a gidana za ka ci abincin rana."

Na ci kuwa, tuwo ne da miyar kuka, na farko tun da na bar gida. Ba mu yi maganar goge ba, mun yi ta gero da tsadar taki.

Dawowa ba abin labari a cikinta, hanyar ce dai ta jiya, sai dai wannan karon na zauna a kan jakata. Kwana uku da isowata Laminu ya kira ni. Bayan gaisuwa ya ce yana wurin tela, yana so in auna tsawona daga kafaɗa zuwa idon sawu in faɗa masa, za a ɗinka mini riga ta ranar buɗewa, kuma ya riga ya gaya wa mutanen layi ranar ba zai buɗe shago ba.

Na ce, "Laminu, ai ina da ta Sallah, sau biyu kawai na sa ta."

Ya ce, "Waccan ta Sallah ce, Baba. Nemo igiya, ina riƙe da waya."

Na ajiye wayar a kan turmi na shiga ɗaki neman igiya.